Busar baki ko na'ura mai rimot: wacce ta fi kiran bobkat?

Ɗan'uwa da ke jihar Texas ta Amurka, wanda ya tambaya ko busar baki zai saya ko na'urar kira (lasifika mai kwaikwayon kukan dabbobi) don farautar bobkat: sayi na'urar. Dalilin yana cikin halin dabbar.

Bobkat, wato kyanwar dajin Amurka mai guntun wutsiya, ba ta zuwa a guje irin na koyote, karen dajin Amurka mai kama da dila. Sanɗa take yi, ta laɓe a gindin kurmi, ta zauna tana ƙare wa wurin kallo. Koyote kan bayyana cikin minti 15 zuwa 20, ita kuwa sai ka ba ta minti 45, wani lokaci awa guda. Kuma da ido da kunne take farauta fiye da hanci, inda sauti ke fitowa nan take zuba ido. Da na'ura sai ka ajiye lasifikar taku 30 zuwa 50 daga inda kake, a fili amma dab da kurmi ko bakin rafi, kai kuma ka jingina da bishiya a inuwa. Ka ɗaura gashin talotalo da zare a jikin sanda kusa da lasifikar, iska ta riƙa kaɗa shi. Idonta na can, hannunka na kan bindiga.

Sautin ya zama mai kaifi: kukan tsuntsu da aka kama, ko na ƙaramin zomo. Fara a hankali, ka ɗan ƙara bayan minti biyar, kada ka kashe. Idan sauti ya yanke, sau da yawa sai ta zauna inda take ko ta juya. Kukan koyote kuwa kada ma ka taɓa shi, korarta zai yi. Cikas ɗin na'ura batir ne: sanyin hunturu na shanye shi, don haka ka sa na litiyam, ka riƙe wasu a aljihun ciki.

Busar baki tana da arha, ba ta son batir, iyakar yabonta ke nan. Busa minti 45 ba hutu sai mai ƙirji, numfashi na daskarar da harshen robar da ke ciki, kuma duk motsin hannunka a idonta yake.

A kula da masu sayar da na'urar da aka yi amfani da ita a intanet. Wasu hoton na'urar kamfanin FoxPro za su sa, su aiko maka jabu, ko wadda rimot ɗinta ba nata ba ne. Buɗe gidan batir ka duba tsatsa, ka ƙure sauti ka ji ko lasifikar na karkarwa, ka gwada rimot daga nesa kafin kuɗi ya bar hannunka.

Dokar jiha ma ka duba. Texas ta yarda da farautarta ga mai lasisi, California ta hana tun 2020, wasu jihohin kuma suna da sharuɗɗa kan na'urar kira. Fatar ba ta fita daga Amurka sai da alamar CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji.