Kwalin ƴan ludo bakwai: ya isa lissafin kibau a teburin wasa?

Masu wasan labari na kan tebur (inda kowa ke taka rawar wani jarumi) a unguwannin Nima da Mamobi na Accra sun san inda wasa ke sanyi: ana tsakiyar gumurzu sai maharbi ya tsaya neman fensir don rage kibiya ɗaya. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, kwari yana ɗaukar kibau 20, bayan faɗa kuma a tsinto rabin waɗanda aka harba. Doka mai sauƙi, amma ba mai kiyaye ta bayan awa biyu.

Kayan da muke dubawa shi ne kwalin ƴan ludo bakwai na roba (masu lambobi da ake jefawa), marasa suna, da ake saye ta intanet: mai fuska 4, 6, 8, 12, 20, da masu fuska 10 guda biyu. Dabarar amfani da su wajen lissafin kibau ta yi suna ne da wasan The Black Hack na 2016. Ba a ƙirga komai. Ɗan ludo ɗaya ne ke tsaya wa kwarin. A jefa shi; in 1 ko 2 ya fito, a sauka zuwa na ƙasa da shi. In hakan ta faru a kan mai fuska 4, kwari ya zama wayam.

Lissafin ya yi kyau matuƙa. In aka fara da mai 12, ana jifa bayan kowane harbi, mai 12 yakan kai jifa 6 kafin ya sauka, mai 10 jifa 5, mai 8 jifa 4, mai 6 jifa 3, mai 4 jifa 2. Jimilla 20, cif da kwarin Dungeons & Dragons. Sai dai wannan tsaka-tsaki ne. Mai ƙashin tsiya zai iya ƙarewa a harbi biyar. Kuma jifa bayan kowane harbi ba ta rage aiki ba, fensir kawai aka musanya. Shawararmu: a fara da mai 8, a jefa sau ɗaya bayan kowane faɗa. Kwari zai kai kimanin faɗa tara. Bindiga da harsasai ma haka.

Babban aibin kwalin shi ne ɗaya ba ya isa. Dogon baka da mai 8 ake auna raunin da ya yi, gajere da mai 6, wato su ne dai ƴan ludon da ke tsaron kwari. Da zarar an ɗauka an jefa, an manta matakin da ake, sai gardama. A sayi kwali biyu masu launi daban, a ajiye na kwari cikin murfin kwalba a gaban mai shi, kada ya gauraya.

A guji masu ƙyalƙyali da ruwan zinare a lambobi. A hoto sun burge, amma ranar da dumso ya zo, wato aka ɗauke wuta, aka koma fitilar waya, 1 da 7 ba sa rabuwa. Fari da baƙin rubutu ya fi. Mai fuska 4 kuwa ba ya gangarawa, faɗuwa yake ya zauna, don haka a kaɗa shi a kofin ludo, kuma kada ya kwana a tabarma: tsininsa ba ya raga wa tafin ƙafa.

Wanda wasansa na yunwa da ƙishi ne, inda kowace kibiya ke da daraja, ya bar kuɗinsa a asusun wayarsa na MoMo, ya ƙirga da tsinken ashana 20.