Hattara da masu "gyaran birenbos" don rage shan mai

Jama'a, a yi hattara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wasu samari suka ɓullo da laftof a jaka suna zagaya gareji da tashoshin mota, wai za su shiga kwamfutar motarka, wato birenbos, su sa ta rage shan mai ta kuma ƙara ja. Ƙanina ya faɗa hannun ɗayansu da Corolla ɗin da yake haya da ita. Yanzu haka inji yana ƙasa, fistin biyu sun ci wuta, lambar mutumin kuwa kullum a kashe.

Abin da suke yi shi ne ƙara taimin, fulogi ya riƙa ba da wuta da wuri. A kwanakin farko mota takan ɗan yi zafin nama, kuma da wannan suke kama mutum. To amma idan wutar ta yi wuri da yawa, ragowar man da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba. Shi ne ƙyas-ƙyas ɗin nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, idan an taka totur a hawa, mota da lodi. Zafin Afrilu da gurɓataccen man bumburutu suna ƙara tsananta shi, kuma kowace fashewa duka ce a kan fistin da ringi da gaskit.

Masu ƙera mota sun yi wa wannan tanadi. Akwai wata 'yar sansa da ke ɗaure a jikin bulok ɗin inji, ba ta da aiki sai saurare. Da ta ji girgizar nan za ta sanar da kwamfuta ta ja taimin baya. Da cire wayar sansar mutumin da ya yi wa ƙanina aiki ya yi, wutar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar inji, za ta kama da lambar matsala P0325, mota ta yi nauyi, asirinsa ya tonu. Sai ya bar ta a jone, ya kurmantar da ita daga cikin kwamfuta, har da lambar P0325 ɗin ya kashe. Da ƙanina ya koma da ƙorafin ƙara, cewa ya yi wai alamar inji ya buɗe ke nan. Kun ji fa!

Sana'ar tana da masu ita na gaskiya. Gwani zai ajiye kwafin saitin kamfani kafin ya taɓa komai, ya maƙala abin saurare a bulok ya sa a kunne, a gwada motar da nauyi yana duba digiri nawa kwamfuta ke jan taimin baya. Wanda ya gama cikin minti goma mota na tsaye a sulo bai gwada komai ba, don wannan ƙarar sai inji na ɗauke da nauyi take fitowa.

'Yan uwansu ne masu sayar da ɗan akwatin nan da ake sokawa a soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar duba kwamfutar mota a ƙasan sitiyari, wai don rage shan mai. Waɗanda suka fasa shi fitilu kawai suka tarar suna ƙyaftawa.

Wanda aka riga aka yi wa aikin, in yana jin ƙyas-ƙyas a hawa ya sassauta totur, ya rage giya, ya nemi amintaccen mai rewaya a mayar masa da saitin kamfani, a kuma kwance fulogai a duba ko bakinsu ya ƙone.