Hattara da masu tallar hular kwano "a rabin kuɗi": sitika suke sayarwa

Jama'a, duk mai hawa babur, babba ko ƙarami irin roba-roba, da duk mai ɗa ko ƙane ko miji da ke hawa, ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗinsa. Akwai wasu masu talla a shafukan sada zumunta da suke nuna kayan kariya cikakku: hular kwano mai rufe fuska, jaket mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu, safar hannu, da abin kare gwiwa, duka a dunƙule, wai kantinsu zai rufe ne shi ya sa suka karya farashi. A jikin hular za ka ga sunan ɗaya daga cikin manyan kamfanoni, irin su AGV na Italiya ko Shoei da Arai na Japan. Waɗannan kamfanoni ba su san da zaman kayan ba. Na faɗa wannan tarkon da kaina, shi ya sa nake magana.

Ƙanena ne ya sayi babur don zuwa aiki, na ce to gudummawata ita ce kayan kariya. Da na ga farashin na gaske sai jikina ya yi sanyi. Ana cikin haka tallar ta bayyana a wayata, kamar an san abin da ke raina. Abin da ya ja ni shi ne bidiyon: wani ƙato ya ɗauki guduma yana jibgar hular, ko gezau ba ta yi ba. Sannan ya juya ƙeyarta ga kyamara, ga sitika reras na shaidar wai ta ci gwajin inganci: DOT, ECE, CE, har da Snell. Na yi wa mai shafin magana, ya amsa nan take da ladabi kamar mun saba. "Yallaɓai, saura uku kacal, kuma yau ragin zai ƙare. In kana so in ajiye maka sai ka tura kuɗin yanzu." Na ce ba za a bari in kaya sun iso in biya ba? Ya ce a wannan farashin ba sa yi. Lambar asusun da ya turo sunan wani mutum ce daban, ba sunan kantin ba. Na lura da hakan, amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido. Cinikin biri a sama dai na yi.

Kayan sun iso, kuma wannan shi ne wayon nasu. Da ba su turo komai ba da tun ranar na san an cuce ni, asarar ta tsaya a aljihu. Sai suka turo abu mai ƙyalli, fenti na sheƙi, gilashi mai launi, ƙanena ya sa yana murna yana cewa, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Kusan wata biyu yana yawo da ita a kan titi, ni kuma hankalina kwance.

Asirin ya tonu ne ranar da hular ta zame daga kan sirdin babur ta faɗi ƙasa, a tsaye, ba gudu ba komai. Ɓangaren haɓa ya tsage. Muka kai wa wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara da shekaru yana doguwar tafiya a kan babur. Bai ce komai ba, ya ɗauko tasa ya miƙa mini a hannun dama, tamu a hagu. Bambancin nauyin kaɗai ya ishi mai hankali. Sai ya zare mayafin ciki na tamu ya sa babban yatsa ya danna. Yatsan ya nutse har ya taɓa ɓawon waje. Soso ne mai laushi, irin na katifa, an lulluɓe shi da baƙin yadi. Ya ce, "Yaro, wannan ai hular rana ce."

A nan ne na fahimci yaudarar bidiyon guduma. Aikin hular kwano ba taurin baya ba ne kawai. Ɓawon waje yana hana abu mai tsini hudawa, yana kuma baza ƙarfin bugu a faɗin hular. Amma abin da ke ceton ƙwaƙwalwa shi ne farin soso mai tauri da ke ƙarƙashinsa, ɗan uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a cikin kwali, sai dai ya fi shi danƙarewa. Idan kai ya bugi kwalta, wannan soson yana murƙushewa a hankali, ya shanye ƙarfin, ya ba kan damar tsayawa ba farat ɗaya ba. Idan babu shi, ƙoƙon kai zai tsaya cak, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Tukunyar ƙarfe ma za ta jure guduma, amma ba wanda zai kifa ta a kai ya hau titi. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, tana cewa kaurin wannan soso a hula ta gaske ya kan kai kusan inci ɗaya, wato wajen santimita biyu da rabi, kuma nauyin hular ya kan yi kusan fam uku, kusa da kilo ɗaya da rabi ke nan, alhali irin na kwalliya ba su wuce fam ɗaya ba.

To, sitikun nan fa? Ai buga su ba ya buƙatar komai sai injin buga takarda. Alamar DOT ta fi kowacce saukin sata, domin a tsarin Amurka kamfani ne da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika ƙa'idar FMVSS 218, sai daga baya hukuma ta zaɓi wasu daga kasuwa ta gwada. Tun 2013 doka ta ce alamar da ke ƙeya dole ta ɗauki sunan kamfani da samfurin hular da lambar ƙa'idar, ba haruffa uku tsirara ba. Tamu haruffa uku ne kawai, kuma farce yana ɗaga su.

Ta ECE ta fi wuyar kwaikwayo, kuma ita na fi so kowa ya iya karantawa. Wannan ƙa'ida ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22, ba ta Turai kaɗai ba, kuma a ƙarƙashinta sai an kai hula ɗakin gwaji an amince da ita kafin a fara sayarwa. Ana sa mata kan gunki mai na'urar awo, a sako ta kan maƙera da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wajen kilomita 27 a awa, bayan an gasa wata a zafi an daskarar da wata a sanyi, a ga nawa ne ƙarfin da ya ratsa zuwa ciki. Sabon salon, 22.06, ya ƙara gwaji a gudu daban-daban da kuma bugu na karkace, irin wanda ke murɗa kai. Shaidar wannan gwaji ba a ƙeya take ba. Ƙaramin ƙyalle ne da ake ɗinkewa a jikin igiyar haɓa: da'ira mai harafin E da lambar ƙasar da ta ba da izini, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya. Bayansa akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 (tsohon salo) ko 06, sai harafi: P na nufin ɓangaren haɓa an gwada shi yana karewa, NP na nufin haɓar ado ce kawai, J kuma buɗaɗɗiyar hula ce marar haɓa. Mun juya igiyar tamu ciki da bai, babu ko zare. Igiyar kanta ma da wata 'yar ƙusa aka maƙale ta a roba, dattijon ya finciko ta da hannu ɗaya. Ko da ace soson na kirki ne, hular da ta tashi daga kai kafin mutum ya kai ƙasa ba ta da wani amfani.

Snell kuwa gidauniya ce mai zaman kanta da aka kafa a 1957 bayan mutuwar wani ɗan tseren mota, Pete Snell, wanda hularsa ta kasa kare shi. Tasu alamar a cikin hula take, ƙarƙashin mayafi, da lamba ta musamman. Ganin alamu huɗu jere a ƙeyar hula mai arha shi kansa abin zargi ne. Ɓarawo ya cika rantsuwa.

Jaket ɗin ma kanwar ja ce. An rubuta CE, alamar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, babba a wuya. Muka zaro "sulken" kafaɗa, sai ga shi ɗan falle ne na soso da za ka iya naɗewa kamar tabarma. Sulke na gaske yana da tambari a jikinsa: hoton mutum a kan babur, da lambar EN 1621-1 in na kafaɗa ne ko gwiwa, EN 1621-2 in na baya ne, da mataki na 1 ko na 2, na biyun ya fi shanye bugu. Ita rigar kanta tana da nata awon daban, EN 17092, mai daraja daga AAA zuwa AA zuwa A, wanda ke nuna yadda yadin da ɗinkin za su jure gogar kwalta. Wasu masu wayon sukan sa sulke na gaske a cikin riga marar ƙwari su ce duka an gwada. Safar hannun da suka kira fata, roba ce aka shafa a kan yadi, ta fara ɓarewa tun kafin a je ko'ina. A faɗuwa kuwa tafin hannu ne ke riga komai sauka.

Na koma wa mai shafin da hotuna. Da farko ya ce kuskuren ma'aikata ne, in mayar da kayan da kuɗina, in kuma ƙara wani abu na "sauya oda" a turo mini na asali. Wato a ci ni sau biyu. Da na ce a'a, kuɗina nake so, sai ya daina amsawa, washegari ya toshe ni. Sharhin da na rubuta a ƙarƙashin tallar bai yi awa ɗaya ba aka goge. Sai a lokacin na lura duk yabon da ke wurin kalmominsu kusan iri ɗaya ne, daga asusun da ba su da hoto ba su da tarihi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na san haka, kuɗin da na zubar sun isa in sayi hula ta gaske. Ba sai ta manyan sunaye ba. Akwai kamfanoni matsakaita masu yin hula da roba mai ƙarfi, ba ta da sauƙin nauyi kamar mai tsada da ake yi da zaren kabon, iska na ɗan damun kunne a cikinta, amma ta ci jarrabawar 22.06 ɗin nan da mai tsada ta ci. Yawancin ƙarin kuɗin mai tsada na jin daɗi ne da fenti da suna. Gwamnatin Birtaniya tana da shiri mai suna SHARP tun 2007, suna sayen huluna a kasuwa su gwada su ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar, kuma za ka tarar da masu arha da suka samu huɗu ko biyar. Kafin ka biya, nemi sunan samfurin a can da kuma shafin kamfanin da ya ƙera, ka duba ko mai sayar maka yana cikin dillalansu, tunda ƙyallen igiyar ma ana iya ɗinka na ƙarya. Hula mai launi ɗaya ta fi mai zane arha, ta bara kuma ta fi ta bana, kuma wannan shi ne ragi na gaskiya.

In kuɗin ba za su isa a sayi duka ba, a bar zancen saiti. A fara da hula, mai rufe haɓa in da hali, domin haɓa da muƙamuƙi na cikin wuraren da suka fi shan bugu. Sai safar hannu ta fata, sai takalmi mai rufe idon sawu, jaket ya biyo baya. Jaket da takalmi na hannu ba laifi in ɗinkinsu lafiya lau. Hula kam ban yarda a sayi ta hannu ba, don soson nan sau ɗaya yake aiki: wadda ta taɓa shan bugu za ta iya zama kamar sabuwa a waje alhali ta mutu a ciki, kuma masu ƙerawa kan ce a sauya ta bayan kamar shekara biyar ko ba ta faɗi ba. A kuma gwada ta a kai. Ta kama kumatu, in ka girgiza kai ta bi ka, in an ɗaure igiya wani ya tura ta daga ƙeya kada ta fita.

Bitar bincike da Cochrane, ƙungiyar masana mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2008 ta nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Hular da ƙanena ya yi wata biyu da ita ba ta cikin wannan lissafi, sai dai ma ta sa ya ƙara sakin jiki yana ganin a kare yake.

Makon jiya tallar ta sake bayyana a wayata. Sunan shafin ya canza, launin tambarin ya canza, amma ƙaton nan ne dai da gudumarsa, kuma har yanzu saura uku kacal.