Rigar gora: sanyi akwai, amma batun muhalli da sauran magana

Ɗinki nake yi a nan Makka, wajen Shari Mansur, don haka yadi ba baƙona ba ne. Da 'yan uwa daga gida suka dame ni da hotunan kayan da ake cewa da gora aka saƙa, wai in zo musu da su tsaraba, sai na sayi doguwar rigar gida da mayafi a wani shago a Balad ta Jidda. Kuɗinsu ya kusa ninka na auduga. Mai shagon har da rantsuwa: "Hajiya, itace ne zalla, ba ya cutar da ƙasa."

Wajen daɗin sawa ba ni da ta cewa. Laushi kamar siliki, tana zubowa a jiki, kuma a zafin nan da ke haura digiri 40 tana shan gumi, ba ta manne wa fata irin yadin roba. Amma wanki ne ke tona mata asiri. In ta jiƙe ƙarfinta raguwa yake, in kika murɗe ta da ƙarfi sai wuyan ya saki. Tawa ta ɗan ɗage a tsayi, hammatar kuma ta fara ƙuraje.

'Yar takardar da ke cikin rigar ta ce biskos ne, wato yadin da ake yi da icen da aka narkar da sinadarai, a nan icen gora. Gora dai tana girma da sauri, ba ta buƙatar maganin ƙwari sosai, in an sare ta kuma ta sake tsirowa. Matsalar tana masana'anta. Ana niƙa icen, a jiƙa shi da sodar nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita, a zuba wani sinadari mai guba, kabon disalfaid, har ya narke ya zama kauri, sannan a tura shi ta ƙananan huji cikin asid ya fito zare. Sinadarin yana taɓa jijiyoyi da zuciyar ma'aikata, kuma inda ba a tace ruwan dattin, kogi ne ke kwashewa. A 2017 ƙungiyar Changing Markets mai fafutukar kare muhalli ta fallasa irin wannan gurɓatar a Indiya da Indunusiya da Sin. A Amurka ma, a 2022 manyan kantunan Walmart da Kohl's sun biya tarar dala miliyan 5.5 saboda sayar da irin wannan yadi da sunan gora, alhali biskos ne.

Akwai wani nau'in yadin ice, layosel, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayarwa da sunan Tencel. Shi ana sake kwashe fiye da kashi 99 cikin ɗari na sinadarin narkarwa a maimaita aiki da shi. Na tambayi mai shagon, bai ma taɓa jin sunan ba.

Mayafin zan sake saya don laushinsa, amma a farashin biskos na yau da kullum. Yayata da ke Kano na ce mata ta wanke da ruwan sanyi, kada ta murɗe, ta shanya a inuwa. Rigunan yara masu shan wanki kuwa, auduga na tura musu.