Sharhi kan kulob ɗin koyon jawabi da shugabanci

Na yi rajista da wani kulob na koyon magana a gaban jama'a ne lokacin da aikina ya fara buƙatar in riƙa tsayawa ina yi wa mutane bayani, alhali kuwa da zarar idanu sun dawo kaina sai bakina ya bushe, abin da na tsara ya watse. Kulob ɗin mai zaman kansa ne, amma ya ɗauki salon zamansa daga ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a birnin Santa Ana na jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1924. Babu malami kuma babu ɗalibi a wannan tsari, mambobi ne ke koya wa juna, kuma kowa yana zuwa ne don raɗin kansa.

Zama yakan kasu gida uku: jawaban da aka shirya tun daga gida, maganar nan take, sai kuma tsokaci a kan waɗanda suka yi magana. Jawabin farko na sabon mamba gabatar da kansa ne cikin minti 4 zuwa 6, yawancin waɗanda ke biyo baya kuma minti 5 ne zuwa 7. Akwai mai kula da lokaci da ke zaune daidai inda mai magana zai gan shi, riƙe da katuna uku: yana ɗaga kore a minti na 5, rawaya a na 6, ja a na 7. Waɗannan katuna sun koya mini abin da karatu bai koya mini ba, domin duk wanda ya ga an ɗaga rawaya alhali bai ko kai tsakiyar bayaninsa ba, zai koma gida ya zauna ya tantance abin da ya zama dole ya faɗa da abin da ƙari ne kawai. Wani mamban kuma aikinsa shi ne ƙirga irin su "eh", "wato" da "ka gane" da mutum ke cike giɓi da su, ya karanto adadin a ƙarshen zama. A sashen maganar nan take ana jefa wa mutum tambayar da bai san da ita ba, ya amsa cikin minti ɗaya zuwa biyu, kuma wannan ya fi komai kama da abin da ke faruwa a taron wurin aiki.

A ganina, ƙashin bayan kulob ɗin shi ne tsokaci. Kowane mai jawabi yana da wanda aka ware ya saurare shi da alƙalami a hannu, sannan ya tashi ya faɗi abin da ya gani cikin minti 2 zuwa 3. Wata mamba da ta daɗe a kulob ɗin ta taɓa gaya mini cewa muryata tana dusashewa a ƙarshen kowace jimla, har na bayan ɗaki su rasa kalmar da ta fi muhimmanci, kuma idona ba ya barin ɓangaren hagu. Ba ta tsaya nan ba, ta ba ni shawara in zaɓi mutum ɗaya a kujerar ƙarshe in riƙa ƙarasa jimlata kamar da shi nake magana. Na gwada, kuma tun daga nan ba a sake cewa in ɗaga murya ba. Irin wannan gyara ne nake ganin ya cancanci kuɗin rajista da lokacin da mutum ya bayar.

Sai dai ba kowane mai tsokaci ne ke da wannan ƙarfin hali ba, kuma nan ne babban raunin kulob ɗin namu. Wasu suna tsoron ɓata wa mutum rai, sai su cika minti uku da yabo, su zauna ba tare da sun nuna abu ɗaya da za a gyara ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na ga mambobi masu himma suna maimaita aibi guda wata da watanni saboda babu wanda ya faɗa musu. Haka kuma, masu sauraro a kulob mutane ne da ke son ka yi nasara, ba sa katse ka, ba sa duba waya, don haka wanda bai fita ya gwada kansa a wani wurin ba zai iya ɗauka ya ƙware alhali sabo ne kawai ya yi da fuskoki.

Game da shugabanci, ban zo da wani dogon buri ba, amma na amfana fiye da yadda na zata. Ayyukan zama suna zagayawa, kuma ranar da jagorancin taro ya faɗo kaina sai da na tuntuɓi masu jawabi tun kafin ranar, na tsara jadawali, sannan na nemo wanda zai maye gurbin wani da ya ba da uzuri ana gab da farawa. Tun da babu wanda ake biya albashi, ba ka da ikon ba kowa umarni, sai dai ka roƙa, ka tuna wa mutum, ka gode masa. Wannan horo ne na gaske wajen tafiyar da mutane, ko da yake bai kai ga manyan nauye-nauye irin su sasanta rikicin ma'aikata ko yanke shawarar da za ta shafi abincin wani ba.

Ga mai niyyar shiga irin wannan kulob, ina ba shi shawara ya fara halarta a matsayin baƙo, ya zuba kunne musamman a sashen tsokaci, ya ji ko ana faɗa wa masu jawabi takamaiman abin da za su gyara. Ya kuma tambaya ko ana haɗa sabon mamba da wani tsohon hannu da zai duba masa jawabansa na farko kafin ya tsaya gaban jama'a.