Sharhi kan sounddevice: fitar da amon da ka zaɓa da Python

Aikin da na gwada sounddevice, kunshin Python na fitar da sauti, a kansa ƙarami ne a baki: ka ba kwamfuta lamba, misali 440, ta fitar da amo mai kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, tsaf, ba ƙara ba tsinkewa. Wannan lamba ita ake rubuta wa Hz a gaba. Idan ta yi yawa amo ya yi siriri, idan ta ragu ya yi kauri. Ra'ayina tun daga farko shi ne kunshin ya cancanci a yi aiki da shi, sai dai ba ya gyara wa kowa lissafi. Abin da ka miƙa masa shi zai aika wa sifika, daidai ko karkatacce.

Ana girka shi da `pip install sounddevice numpy`; shi numpy kunshin lissafi ne da za a tsara lambobin amon da shi. A ƙarƙashin sounddevice wata manhaja mai suna PortAudio ce ke magana da katin sauti. A Windows da macOS tana zuwa tare da kunshin, a Linux kuwa sai ka ɗora ta da kanka. A Ubuntu da Debian sunanta `libportaudio2`. Idan babu ita, tun a layin `import` zai tsaya ya ce bai sami PortAudio ba.

Ga duk abin da ake buƙata don amo na sakan 2:

```
import numpy as np
import sounddevice as sd

digo = 44100
kadawa = 440
t = np.arange(digo * 2) / digo
amo = 0.2 * np.sin(2 * np.pi * kadawa * t)
sd.play(amo, digo)
sd.wait()
```

Kwamfuta ba ta san amo a matsayin abu mai gudana ba, ɗigo-ɗigo take ɗaukarsa. A nan kowane sakan an yanka shi gida 44100, adadin da ake amfani da shi a faifan CD, kuma kowane ɗigo lamba ce tsakanin -1 da 1 da ke nuna inda fatar sifika za ta tsaya a wannan lokacin. Shi 0.2 ɗin ƙarfin murya ne. Ka fara da shi ko ƙasa da shi, musamman in abin ji na maƙale a kunnenka, domin tsantsar amo yana huda kunne fiye da kiɗa, balle tsakanin 2000 da 5000 Hz inda kunnen mutum ya fi ji.

Layin ƙarshe shi ne inda mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe. `sd.play` ba ya jira. Yana kunna amon ya wuce layi na gaba nan take. In ba ka sa `sd.wait()` ba, shirin zai kai ƙarshe ya rufe kafin a ji komai, ka zauna tsit kana zargin sifika. Wannan hali yana da amfaninsa, tunda za ka iya ci gaba da wani aiki amo na tashi. Amma ka sani, kiran `sd.play` na biyu yana katse na farko ne, ba ya haɗa su. Mai son amo biyu lokaci guda sai ya tara lambobinsu da kansa. Misali, sautin da waya ke yi idan an danna 1 haɗin 697 da 1209 Hz ne. A nan kuma a kula da jimilla: 0.6 da 0.6 sun kai 1.2, sun haura iyakar 1, sai a yanke kan igiyar amon (hawa da saukar lambobin), amon ya fito a shaƙe yana gurnani. Ba kowanne 0.3 ko ƙasa da haka, an rabu lafiya.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne wata 'yar ƙara, ƙas, da ake ji a ƙarshen amo, wani lokaci har a farkonsa. Da 440 na sakan 2 cif da ƙyar za ka ji ta, saboda igiyar ta kammala zagayenta ta dawo kusa da sifili. Sauya zuwa 261.63 Hz ka ji bambanci: amon zai iya yankewa igiya na sama, fatar sifika ta faɗo gaba ɗaya, wannan faɗuwar ita ce ƙas ɗin. Maganinsa a shigar da amon a hankali, a fitar da shi a hankali. Kashi 1 cikin 100 na sakan ya wadatar, wato ɗigo 441:

```
n = 441
amo[:n] *= np.linspace(0, 1, n)
amo[-n:] *= np.linspace(1, 0, n)
```

Kunne ba ya gane an rage komai, ƙarar ce kawai ke ɓacewa. Na so a ce kunshin yana da wannan a shirye, amma layi uku ba abin ƙorafi ba ne.

Akwai kurakurai biyu da ba sa nuna saƙon kuskure ko kaɗan, su ne masu haɗari. Na farko, ka lissafa ɗigo da 44100 amma a kunna su da 48000, abin da kan faru idan ka manta ba `sd.play` lamba ta biyu ya ɗauki ta na'urar. Amon zai fito lafiya lau, sai dai 440 ɗinka ya koma kusan 479 Hz, kuma ya ƙare da wuri. Na biyu, ka nemi abin da ya haura rabin yawan ɗigo. Da 44100 iyakar ita ce 22050 Hz. Nemi 30000 ka gani: maimakon shiru, za ka ji siririn amo na 14100 Hz, domin abin da ya wuce iyaka naɗowa yake yi ya dawo ƙasa. Ga mai gwajin ji ko gwajin na'ura wannan na iya ruɗar da shi ƙwarai.

Inda kunshin ya fi burge ni shi ne amo marar yankewa. Ba dabara ba ce ka ƙirƙiri amon awa guda ka ajiye: ɗigo sama da miliyan 158 ne, kusan MB 635 ko da kowanne ya ci bayit 4 kacal. Da `sd.OutputStream` katin sauti ne ke neman ɗan yanki, kai kuma ka cika masa:

```
wuri = 0
def cika(fita, adadi, lokaci, hali):
    global wuri
    t = (wuri + np.arange(adadi)) / digo
    fita[:, 0] = 0.2 * np.sin(2 * np.pi * kadawa * t)
    wuri += adadi

with sd.OutputStream(samplerate=digo, channels=1, callback=cika):
    sd.sleep(5000)
```

Duk sirrin yana cikin `wuri`, mai ƙirga ɗigon da aka riga aka fitar. Cire shi, kowane yanki zai fara daga sifili. A ce yankin ɗigo 512 ne: zagaye ɗaya na 440 Hz yana cin ɗigo 100 da 'yan kai, don haka yankin zai ƙare bayan an ɗan shiga zagaye na shida, na gaba ya fara daga farko. Wannan tsalle zai faru kusan sau 86 a sakan, ka ji amonka na tafe da wani ƙarrr a ƙarƙashinsa kamar ƙudan zuma a kwalba. In kuma kana so ka riƙa sauya yawan kaɗawar amo na tashi, ƙirga ɗigo bai isa ba. Sai ka riƙa tara kusurwar da `sin` ya kai, ka ɗora daga nan, in ba haka ba kowane sauyi zai zo da ƙas. Sannan kada ka sa aiki mai nauyi ko karanta fayil a cikin `cika`. Yankin 512 bai kai kashi 12 cikin 1000 na sakan ba. In ka makara, katin zai rasa abin fitarwa a ji tsinkewa, kuma `hali` zai nuna maka hakan.

Idan amo ya ƙi fita ta inda kake zato, `sd.query_devices()` zai jero duk na'urorin da lambobinsu, ka zaɓi ɗaya da `sd.default.device`.

Wanda ke Windows kuma ƙara kawai yake so don sanarwa, `winsound.Beep(440, 500)`, wato 440 Hz na rabin sakan, ya ishe shi, ba sai ya girka komai ba. Yana karɓar 37 zuwa 32767 Hz, amma ba ya ba ka ikon rage murya, ba ya haɗa amo biyu, kuma shirin na tsayawa har ya gama. Da zarar buƙata ta wuce nan, sounddevice ne.

Abu ɗaya da ba kod ɗin da zai gyara shi: ana cewa kunne na ji daga 20 zuwa 20000 Hz, amma ƙaramar sifikar laftof ba ta iya fitar da amo mai kauri sosai. Ka kunna 50 Hz ka ji shiru, kada ka ƙara murya har ƙarshe kana nemansa; gwada da abin ji na kunne mai kyau, kuma ka mayar da muryar ƙasa kafin ka koma 1000 Hz.