Layin zagaye ko layin lodi? Ni dai na zaɓa maka

Malam, ka tambaye ni wane irin layi za ka shimfiɗa wa ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a gida: tsakanin layin zagaye da layin lodi irin na masana'anta, ɗauki na lodi. Dukansu na yi, ɗaya ne kawai bai sa ni da-na-sani ba.

Nawa na lodin yana kan falanki mai tsawon ƙafa 5 da faɗin ƙafa 1, na kafe shi a jikin bango. Tsarin Inglenook na bi, wanda wani ɗan Ingila mai suna Alan Wright ya fito da shi. Layi uku ne suka rabu daga tushe ɗaya: dogon yana cin tarago 5, sauran biyun uku-uku, sai wutsiyar da kan jirgi ke ja da baya a kanta, wadda ba ta ɗaukar fiye da shi da tarago 3. Taragai 8 ne gaba ɗaya. Ka rubuta lambobinsu a 'yan takardu, ka zuba cikin hula, ka zaro 5, ka haɗa jirgi bisa yadda suka fito. Jeri iri 6,720 ne ke iya fitowa, saboda haka ba ka gundura.

Ni sai na mayar da shi wurin lodin gyaɗa na Kano, tunda tun da dogo ya iso birnin a 1911 gyaɗa ta zama babban kayansa. Na yi sito da kwali, na tara 'yar dala da buhunan da na mulmula da yumɓu. Ranar da kawuna ya zo, wanda ya ga dalar gyaɗa da idonsa, cewa ya yi minti biyar zai duba. Daga la'asar har aka kira magariba yana riƙe da na'urar tuƙa jirgin, shayinsa ya huce, yana ta faɗa wai na ajiye sito a inda bai dace ba, a jikin dogon layi ake lodi. Gaskiyarsa ne, washegari na ɗauke shi. (Faɗin tsohon layin dogo na Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, nawa kuwa na ma'aunin OO, wato girman ƙananan jiragen da nake amfani da su, mai milimita 16.5, in aka kwatanta ya ɗan yi masa faɗi. Kawu bai lura ba, ni ma na yi shiru.)

Na zagaye kuwa, yara suna sonsa, iyakar abin da zan ce ke nan. A ma'aunin OO sai da ya ci mini allo mai ƙafa 6 da 4, rabin ɗaki, jirgi na ta kewaya kamar raƙumin tatsar mai. Mako biyu na jingine shi bayan ƙofa.

Kafin ka yanka layi ko ɗaya, jera taragan a kan takarda ka auna. In reshe ya gaza da santimita biyu, tarago na ƙarshe zai tare mahaɗa, wasan ya lalace. Mahaɗar kuma nemi Electrofrog ta kamfanin Peco, mai ƙarfe a tsakiya, don ƙaramin kan jirgi mai tafiyar hawainiya yana mutuwa a kan ta roba, balle in ƙurar hunturu ta sauka.

Ka yi hattara da masu sayar da na hannu a intanet. Wani ya taɓa turo mini tsohon layin ƙarfe da aka goge ya yi ƙyalli, da sunan nickel silver ne, wanda ba ya tsatsa, damina ɗaya tsatsa ta cinye shi. Maganaɗisu na kama ƙarfe, ba ya kama nickel silver. Ka ce mai kaya ya ɗora shi a kan layin ya turo maka bidiyo, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Sayi mahaɗa biyu, layi mai lanƙwasuwa guda uku, ƙaramin kan jirgi ɗaya da gajerun taragai 8. In ka auna bangon naka, turo mini tsawonsa in zana maka inda za ka kafa sito.